Hannun Hagun Hedimasta

Shekara talatin da biyu Hedimasta ya yi yana gyara 'ya'yan mutane, kuma a cikin gyare-gyarensa babu wanda yake tinƙaho da shi kamar gyaran hannu. Duk yaron da ya shigo makarantarsa yana riƙe fensir da hagu, kafin zangon karatu ya ƙare ya koma dama, ko yana so ko ba ya so. Kayan aikin ba su da yawa, rular katako ce mai bakin ƙarfe, sai naci irin nasa. Da ya yi ritaya makaranta ta karɓe makullin ofis da kujera mai juyawa, amma rular ta biyo shi gida, tana nan kan teburinsa kusa da ƙamus da jan biro. Sunan ma ya biyo shi. Har matarsa Hedimasta take ce masa, kuma ba kullum ne girmamawa take nufi ba.

Abin da yake ɓoyewa tun yana yaro shi ne, shi kansa bahago ne. Haka aka haife shi. Wani malami ya gyara shi yana ɗan shekara shida, ya koyi rubutu da dama, ya koyi gaisawa da dama, har ya zama abin misali. Amma in sauro ya sauka masa a wuya, hannun hagun ne yake riga isa wurin. Shi ya sa in yana cikin mutane yake cusa shi a aljihu. Tsofaffin ɗalibansa har yau suna kwaikwayon wannan tsayuwar, suna zaton isa ce da ƙasaita. Ba su san fursuna yake tsarewa ba.

Maganar kiɗa ta taso ne daga abokansa uku 'yan ritaya, waɗanda suke haɗuwa duk Asabar da yamma a garejin tsohon jami'in kwastan suna kaɗa waƙoƙin zamanin samartakarsu. Kwastan ke danna fiyano, likitan haƙori ke riƙe da gita, tsohon ma'aikacin gidan waya kuma, wanda suke kira Fosta, shi ke dukan ganguna. Hedimasta yakan je ne ya zauna a kujerar roba yana gyara musu nahawun waƙa. To, sai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsa ta gayyace su su yi wasa a taronta nan da wata biyu, kuma a daidai lokacin mai kaɗa musu babbar gita mai kaurin murya ya tattara ya koma wurin ɗansa a wani gari.

“Tsirkiya huɗu ce kacal,” in ji Likita. “Kai da ka riƙe malamai arba'in, wayoyi huɗu ne za su gagare ka?”

Hedimasta ya yi kamar yana nazari. Gaskiyar ita ce tun ranar da ya bar ofis yake kewar tsayawa a gaban taro ana kallonsa, kuma wannan taron na yaransa ne. Ya amsa, ya sa Likita ya rubuta masa sunan abin a takarda. Su duka ukun bes suke cewa, amma shi ya dubi haruffan ya karanta bas, kuma mutumin da ya shekara talatin da biyu yana koyar da karatu ba likitan haƙori ne zai koya masa furuci ba.

Ya dawo gida ya tarar da matarsa tana guga a falo.

“Na yanke shawara,” ya ce. “Bas zan saya.”

Ta ajiye dutsen guga a tsaye. “Alhamdu lillahi. Ashe dai za ka yi abin kai kafin mu mutu. Mai ɗaukar mutum nawa?”

“Mai tsirkiya huɗu.”

Sai da aka yi dogon bayani kafin ta gane ba motar haya ba ce, kuma kafin a gama bayanin ta riga ta aika wa ƙanenta saƙo cewa aikin direba ya samu. Ta ɗauki dutsen gugarta, ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da goge wandonsa da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

'Yarsa ta fari ce ta kai shi kanti a motarta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Mace ce mai shekara talatin da takwas, ba ta da yawan magana, tana aiki a kantin magani. Munin rubutunta ya yi suna a wurin aiki, don har likitoci sukan bugo waya su tambayi abin da ta rubuta. Hedimasta kullum cewa yake ganganci ne da rashin natsuwa. Ba ya kawo zancen cewa tana 'yar shekara biyar, da hannun hagu, takan zana kyanwar maƙwabta a bayan kwali har mai kyanwar ta gane abarta. Ba ya kawo zancen safar da ya zura mata a hannun ya ɗaure da bandeji har tsawon wata uku, tun kafin ta shiga aji ɗaya, don kada a ce 'yar Hedimasta bahaguwa ce. Aikin ya yi kyau. Ta koma dama, ta kuma daina zane, shi kuma ya lissafa duka biyun a cikin nasara.

Kantin kayan kiɗan siriri ne, tsakanin shagon aski da mai sayar da taya. Gitoci na rataye a bango daga sama har ƙasa, ƙurar fanka ta kwanta a kafaɗunsu. Mai kantin dattijo ne mai tabarau rataye a wuya da zare, yana zaune yana sauya wa wata gita tsirkiya, bai ko tashi ba.

Hedimasta ya zaro takarda daga aljihun gaba. Kwana uku ya yi yana karance-karance, ya tsara tambayoyi goma sha ɗaya, kowace da lambarta. Ya fara da nau'in katako.

“Ina neman bas,” ya ce, “wadda aka yi da icen da...”

“Bes,” in ji mai kanti.

“Bas. Na ga yadda ake rubuta ta.”

“To, Alhaji, in bas ce, tasha tana can gaba bayan gidan mai.”

Uwata ta juya tana duba wani ƙaramin ganga da babu abin dubawa a jikinsa. Hedimasta ya sanar da mai kanti ko shi wane ne, da shekarun da ya yi a aiki. Mai kanti ya saurara har ƙarshe, ya ɗaura tabaraunsa, ya dube shi tun daga hula har takalmi.

“Ka taɓa riƙe ta?”

“Na yi nazarinta sosai.”

“Wato ba ka taɓa ba. Ni kuwa ba na sayar wa sabon shiga gita sai ya kaɗa mini ta iska. Ajiye takardar. Zan sa kiɗa, ka rufe ido, ka ɗauka tana rataye a wuyanka, ka bi shi.”

“Ni? A tsakiyar kanti?”

“Baba, yi mana,” in ji Uwata. “Ai babu kowa.”

Mai kanti ya danna rediyonsa. Wani tsohon kiɗa ya taso, irin wanda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Hedimasta ya rufe ido don a gama a wuce wurin. Ya yi niyyar ɗaga hannu sau biyu ya buɗe. Amma kiɗan na zamaninsa ne, ƙafarsa ta fara bugun ƙasa ba da izininsa ba, kafaɗarsa ta saki. Hannun damansa ya miƙe gefe ya kama wuyan gitar da babu ita. Na hagun kuma ya sulale daga aljihu, ya sauka a kan tumbinsa, yatsu biyu suka shiga tafiya ɗaya bayan ɗaya, daidai da kiɗan, ko gargada babu.

Mai kanti ya kashe rediyon.

“Bahago,” ya ce, kamar mai faɗin lambar takalmi. “Ka yi sa'a. Ina da guda ɗaya a ciki, baƙa, shekara biyu tana jiran mai ita.”

Hedimasta ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne Uwata, kuma ba fuskarsa take kallo ba, hannun take kallo. Ya maida shi aljihu da sauri har ɗinkin ya yi ƙara. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun yana ɗan aji ɗaya.

“Kuskuren gani ne,” ya ce. “Kullum ina zaune ne ina fuskantar masu kiɗa, to dole in kwaikwayo ya zo ya juye, kamar a madubi. Wannan ilimi ne sananne.”

“Haka ne,” in ji mai kanti. “Ilimi ne.”

Hedimasta ya nuna wata ja mai ƙyalli da ke rataye can sama, ta masu dama, wadda ta fi kowace tsawon wuya da nauyi. Mai kanti ya ce ta yi wa sabon shiga girma. Wannan ya ƙara tabbatar wa Hedimasta cewa ita ce daidai da shi. Aka sauko da ita, aka haɗa masa da ƙaramar lasifika da waya da maɗauri.

“In ta ƙi ka, ka san hanya,” in ji mai kanti, ya koma kan tsirkiyarsa.

A mota Hedimasta ya yi ta zuba a kan lalacewar tarbiyyar 'yan kasuwa. Uwata tana tuƙi, tana cewa “haka ne, Baba” a duk inda ya numfasa. Da ta yi gardama da ya fi samun sauƙi.

Jar gitar ta ƙi shi tun ranar farko. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a ƙwace masa ba. Cikin mako guda ya haddace inda kowane sauti yake a wuyanta, ya zana jadawali ya manna a bango. Amma hannun daman, wanda shi ne zai ja tsirkiya a kan lokaci, sai ya tsaya ya jira umarni daga sama, kamar ƙaramin ma'aikaci mai tsoron sa hannu a takarda. Kafin umarnin ya iso kiɗa ya wuce. Yatsunsa suka yi bororo, kafaɗarsa ta riƙe, matarsa ta fara zuwa unguwa a lokutan da ba ta saba ba.

A gareji abin ya fi muni, don a can akwai shaidu. Fosta ya buga, Kwastan ya danna, Likita ya shiga, sai can daga baya a ji “dum” ɗin Hedimasta ya iso shi kaɗai yana haki.

“Hedimasta,” in ji Fosta, ya ajiye sandunansa a cinya, “kai da kake tsare ƙofa kana zane masu latti, yau ga shi kullum sai an kaɗa ƙararrawa kake shigowa.”

Hedimasta ya ce Fosta ne yake sauri. Mako na gaba ya ce tsirkiyoyin ne ba na asali ba. Na gaba kuma ya gano cewa wayar lasifikar ta cika tsawo, sauti yana ɓata lokaci a hanya. Likita, wanda ya saba da masu cewa haƙorin ba ya ciwo alhali suna hawaye, ya gyaɗa kai kawai.

Saura mako uku taro, suka zaunar da shi. Sun riga sun gama shawara a bayansa, an gani a fuskokinsu.

“Ga yadda za a yi,” in ji Kwastan. “Ni zan riƙa yin bes ɗin a fiyano, da hannun hagu, ba wani aiki ba ne. Kai ka rataya abarka ka tsaya a gaba, kana kaɗa kai. Sai dai mu cire wayarka daga lasifika. Babu wanda zai sani.”

“Yaranka ne,” Likita ya ƙara da murya mai taushi. “Ganinka suke so, ba jinka ba.”

Hedimasta ya naɗe wayar gitarsa. Mutum ɗari uku da suka taɓa rawar jiki in ya yi gyaran murya, a gabansu za a tsayar da shi kamar gunkin kantin tufafi, riƙe da gitar da ba ta magana. Kuma da hannun hagun wani za a rufa masa asiri. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Ranar Litinin bayan azahar gidan babu kowa. Ya shiga ɗakin karatunsa, ya jona lasifika, ya gwada waƙar farko sau huɗu, sau huɗu yana makara. Ya zauna yana kallon jadawalin bango. Sannan ya tashi ya leƙa falo, ya leƙa tsakar gida, ya dawo ya cire maɗaurin, ya juya gitar, wuyanta ya koma dama.

Komai nata ya zama a birkice. Tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa, maɓallan murɗa sauti suna sukar masa dantse, jadawalin bango ya tashi daga aiki. Ya ɗora yatsu biyu na hagu ya ja.

Sautin ya faɗo daidai inda ya kamata. Na biyu ma haka. Hannun bai jira umarnin kowa ba, ya kama hanya kamar jiya ya bar ta. Ya kunna waƙar a wayarsa ya bi ta, ya yi kuskuren sauti nan da can don tsirkiyoyin sun sauya wuri, amma ko sau ɗaya bai makara ba. Daɗi ya cika shi har ya ji kunya. Ya ji haushi kuma, haushin wani malami mai warin taba da ya mutu tun tuni, wanda bai taɓa yarda ya ji haushinsa ba sai yau. Ya sake waƙar, ya ƙara murya, gilashin taga yana karkarwa. Dattijo mai shekara sittin da biyar, ga hula ta karkace, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka ba alewa.

Bai ji tsayuwar mota ba. Da waƙar ta ƙare ya ɗaga kai, Uwata tana tsaye a bakin ƙofa, da rigar aikinta fara. A hannu ɗaya ambulan ɗin maganin hawan jininsa na wata, a ɗayan kuma doguwar baƙar jaka, wadda ko ba a buɗe ba an san abin da ke ciki.

Hannun hagun ya nemi aljihu, gitar ta tare hanya.

“Gwaji nake yi,” ya ce. “Ina so in tabbatar wa mutumin nan cewa...”

“Mai kanti ya ce a gaishe ka,” in ji ta. Ta jingina baƙar jakar da teburi. “Ya ce in ka ga dama ka mayar da jar, ba ta yi komai ba. Wannan ba sai ka juya ta ba.”

“Wa ya aike ki?”

“Babu. Na tambayi Mama ne bayan mun dawo ran nan. Ta ce shekara arba'in kana buɗe mata murfin kwalba da shi, kana kashe sauro da shi, ita ta ɗauka kowa ya sani.”

Hedimasta ya gyara hularsa. Ya ji muryar taron safiya tana taso masa, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba, ya kama ta da hannu biyu.

“Uwata, zauna ki ji. Abin da na yi miki, don amfaninki na yi. Duniyar nan ta masu dama ce. Almakashi nasu ne, kujerar jarrabawa tasu ce, ko hannu kika miƙa wa mutum da hagu sai ya ce ba ki da tarbiyya. Ni na sha wannan wahalar, na san ta. Na ce 'yata ba za ta sha ba.”

“Na sani, Baba.”

Ba ta zauna ba. Ta zazzage magungunan a kan teburi, ta kifa ambulan ɗin, ta ture rular gefe da bayan hannu. Ta zaro fensir daga gwangwanin alƙalumansa, ta riƙe shi da hagu. Riƙon kansa bai zauna ba, sai da ta gyara shi da ɗayan hannun. Ta sunkuya ta fara zane. Layin ya fita yana rawa, ya kauce, ta dawo da shi, ya sake kaucewa. Ta yi kunnuwa biyu, ɗaya ya fi ɗaya. Ta ja wutsiya, bakin fensirin ya huda takardar. Hedimasta yana kallo, kuma ya san kyanwa ce kawai don ya san abin da take nema.

Ta ajiye fensirin a hankali.

“Tun ranar kanti nake gwadawa,” ta ce. “Kullum, in babu masu saye. Na ce tunda naka yana nan, wataƙila nawa ma yana nan.” Ta tura masa ambulan ɗin gabansa, kamar ɗaliba mai miƙa aikin gida. “Wanda ya gyara ka bai iya aiki ba, Baba. Kai ka iya.”

Shekara talatin da biyu yana son a faɗa masa wannan maganar. Masu duba makarantu ba su faɗa ba, ranar bankwana ma agogon bango kawai aka ba shi. 

Uwata ta tattara magungunan ta jera su a gefen ƙamus.

“Farin ɗaya da safe, ƙaramin ɗaya da yamma, bayan ka ci abinci. Na rubuta a jikin kwalin, in ka iya karantawa.”

Ta fita. Ya ji ta tana rufe ƙofar falo a hankali yadda ya koya mata, ya ji motar ta tashi.

Ya daɗe a zaune da jar gitar a birkice a cinyarsa. Baƙar jakar tana jingine inda ta bar ta, zif ɗinta a rufe. Duk takardar da aka taɓa ajiyewa a gabansa a kan teburin nan sai da ya yi mata maki, don haka hannun damansa ya je da kansa ya ɗauko jan biro, ya cire murfin, ya tsaya a saman kyanwar. Lasifikar tana ta gurnani a kusurwar ɗaki, bai tashi ya kashe ta ba.